Kiwon lafiya: gwiwa na ciwo, baya na ciwo, ina haɗinsu?



Ga bazara ta kama, ana sharar gonaki. In Allah ya yarda ruwan shuka ba shi da nisa. Kowa ya san kwanakin noman fari ba su jiran mutum. Wanda ciwo ya kayar sati biyu a wannan lokaci, haki zai rufe masa hatsi. Sai dai ya biya ƴan ƙwadago, ko ya roƙi gayya, ko ya zuba ido. Cikin abubuwan da ke kwantar da magidanci a irin wannan lokaci akwai baya da gwiwa. Don haka darasinmu na wannan karo a kansu yake. A karanta shi da ƙarfi a aji. A riƙa tsayawa, kowa ya taɓa jikinsa, ya gwada abin da aka faɗa.

Mu fara da misalin da kowane gari ke da irinsa. Magidanci ne, ya ba shekara 50 baya. Gwiwarsa ta dama ta hana shi sakat. Wanzami ya yi masa ƙaho sau biyu a kanta. An shafa man kaɗe, an ɗaure da ƙyalle. Ranar kasuwa ya sayi ƙwayoyi wajen mai tebur. Kuɗin akuya guda sun tafi, gwiwa tana nan yadda take. Daga ƙarshe ɗansa ya ɗora shi a amalanke zuwa gidan likita.

— Sannu Baba. Ina ke ciwo?

— Gwiwa ce, likita. Wata uku ke nan.

— In ka yi tari ko atishawa, kana jin ta?

— Ƙwarai kuwa. Kamar an ja zare daga ƙugu har ƙasa.

— To Baba, kwanta in duba bayanka.

— Ɗana, gwiwa na ce maka, ba baya ba!

Likita bai yi kuskure ba. Ya latsa gwiwar, ba kumburi, ba zafi, tana lanƙwasuwa lafiya lau. Ciwon daga baya yake saukowa. Wata uku ana yi wa gwiwa magani, alhali ba nan take ba, an danne bodari ta ka.

A tambayi mahauci

Wanda ke son ya gane wannan magana ya tsaya kusa da mahauci ranar kasuwa, ko ya buɗe ido lokacin fiɗar ragon layya, kafin a tsire shi a jikin itace a kewaya wuta. Ginin jikin rago da na mutum ba su da nisa da juna. Gani ya kori ji.

Ku dubi ƙashin baya. Ba sanda guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera, wani bisa wani. A jikin mutum, masu motsi 24 ne: 7 a wuya, 12 inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a ƙasan baya. Waɗannan 5 su suka fi ɗaukar nauyi, su ne kuma suka fi kuka. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai ɗan matashi na guringuntsi, tsakiyarsa da laushi. Aikinsa aikin gammo ne. Ta cikin ƙasusuwan akwai rami, nan laka ta bi ta sauko daga ƙwaƙwalwa.

Ƙashin baya yana zaune bisa ƙashin ƙugu, mai faɗi kamar akushi. A gefen akushin nan biyu ƙashin cinya ya shiga, nan ne kwatangwalo. Ƙashin cinya ya sauka ya haɗu da ƙashin ƙwauri, nan ne gwiwa. A gabanta akwai ɗan ƙashi mai kama da marfi, ƙoƙon gwiwa. Rago ma yana da shi. A ƙafarsa ta baya, ku neme shi can sama kusa da ciki. Gaɓar nan ta ƙasa mai kallon baya, wadda yara ke ce wa gwiwa, ita ce daidai da diddigenmu.

Yanzu ga inda Hausa ke rikita mu. Abu uku muke kira da suna ɗaya, jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda ake sa wa allura. Akwai jijiya mai tauri da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi, irin agara ta bayan diddige, wadda haƙori ba ya iya tauna ta. Akwai kuma ta uku, fara, mai laushi, mai kama da zaren auduga. Wannan daga laka take fitowa, ta tsakanin ƙasusuwan baya. Ita ke kai saƙo. Ita ke gaya wa ƙafa ta motsa, ita ke gaya wa kai cewa ƙaya ta soki tafin sawu. Mu kira ta jijiyar saƙo. Idan mutum ya ce "ciwon jijiya gare ni", sai a tambaye shi: wacce daga ciki?

Daga baya zuwa gwiwa

Duk jijiyoyin saƙo na ƙafa daga ƙasan baya suke fitowa. Babbarsu ta kai kaurin yatsa. Ta bi ta cikin ɗuwawu, ta sauka ta bayan cinya, ta rabu biyu kusa da gwiwa, ta kai har yatsun ƙafa. Wata kuma ta bi ta gaba, ta gaban cinya, ta kai ga gwiwa da cikin ƙwauri.

Idan gammon nan na tsakanin ƙashi ya bulluƙo gefe, ko tsufa ya ƙuntata ƙofar da jijiya ke fita, sai jijiyar ta matsu. An matse ta a baya, amma mutum a ƙafa zai ji. Wani ma bayansa ba ya ciwo sosai, gwiwa kaɗai yake kuka da ita. Abin da ya sami magidancin nan ke nan.

Irin wannan ciwo yana da alamunsa. Yana tafiya a miƙe kamar zare. Yakan zo da zugi, ko a ji kamar kiyashi na tafiya a fata, ko wani wuri ya mutu ba a jin taɓi. Tari, atishawa da dogon zama suna tayar da shi. Ita gwiwar kuwa ba ta kumbura.

Ciwon da ke cikin gwiwa kanta daban yake. Takan kumbura. Tana ƙara in an lanƙwasa ta. Tsuguno, sujada da zaman tahiya suna wuya, haka gangarowa daga tudu. Da safe takan sandare na ɗan lokaci, in an taka sai ta saki. Yawanci guringuntsin da ke shafe a bakin ƙasusuwan ne ya ci, abin da muke cewa sanyin ƙashi ko amosani.

Daga gwiwa zuwa baya

Hanyar tana komawa sama kuma. Kun san jaki da mangala. Idan ɓangare ɗaya ya fi nauyi, kayan sai su karkace, jakin ya yi ta tafiya a karkace, kwana kaɗan miki ya fito masa a gadon baya. Mai ciwon gwiwa haka yake. Yana ɗingishi, yana jibga nauyinsa a ƙafa mai lafiya. Ƙugu ya karkace, tsokar baya ta ɓangare ɗaya ta yi ta aiki ba hutu. Bayan wata biyu ko uku sai ka ji ya ce yanzu kuma baya ya kama.

A shekarar 2003 wasu likitocin ƙashi a ƙasar Japan sun auna mutane masu ciwon baya da gwiwa. Sun ga cewa waɗanda gwiwarsu ba ta miƙewa sosai, lanƙwasar nan ta ƙasan bayansu ita ma ta ragu. Ba sai an je Japan ba. Wani ya tashi a aji yanzu, ya ɗan lanƙwasa gwiwoyinsa, ya zagaya sau uku a haka ba tare da ya miƙe su ba. Ya gaya muku inda ya fara jin gajiya.

Tsakanin baya da gwiwa akwai kwatangwalo, shi kuma ɓarawon ɓoye ne. Ciwonsa yakan sauka a gwiwa. Wanda ya kasa harɗe ƙafa a tabarma, ko ya kasa ɗaga ƙafa ya hau jaki, yana jin ciwo a matsematsi, a duba masa kwatangwalo. Wannan ya fi muhimmanci ga yara, za mu komo kansa.

Igiyoyin da suka ɗaure su

Ƙashi ba ya motsa kansa. Tsoka ke jan sa, wato jan naman nan da muke ci. Abin lura shi ne, manyan tsokokin ƙafa ba gaɓa ɗaya suke tsallakewa ba. Sun kama sama, sun kama ƙasa, kamar igiyar da aka ɗaure kaya da ita.

A bayan cinya akwai guda 3. Sun taso daga ƙashin da muke zama a kansa, sun tsallake gwiwa, sun kama ƙwauri. Idan mutum zai duƙa, akushin ƙugu ya kamata ya juya gaba, baya ya bi shi a miƙe. In tsokokin nan sun ɗaure, sai su riƙe akushin. Mutum kuwa dole ya kai hannu ƙasa. To, ina lanƙwasar za ta fito? Sai daga ƙasusuwan nan 5 na ƙasan baya.

A gaban cinya akwai guda 4. Duka sun haɗu a ƙoƙon gwiwa, ɗaya daga cikinsu tun daga ƙugu ta taso. Ƙoƙon yana da kwarin da yake zamewa a ciki, sama da ƙasa. Ku tuna itacen bakin rijiya, yadda igiyar guga ta yi masa kurbo. Muddin igiya na bin kurbonta, ja yana sauƙi. In aka ja ta a karkace, sai ta yi ta cin gefe. Haka ƙoƙon gwiwa ke yi idan tsokar ɓangare ɗaya ta fi ja, ko tsokar ɗuwawu ta yi rauni har gwiwa na faɗawa ciki a kowane taki.

Akwai wata da ba a gani, ba a taɓa ta. Ita ce naman nan mai taushi da ke kwance ta cikin ciki a jikin ƙashin baya, wanda mahauci ke ware wa babban mai saye. A jikin mutum ta kama ƙasusuwan ƙasan baya, ta ratsa ƙugu, ta kama kan ƙashin cinya. Ita ke ɗaga cinya. Wanda ya wuni a zaune, tana naɗe duk wunin. Da ya miƙe sai ya ji ƙugu ya riƙe, ya yi taki biyar ko shida a duƙe kafin ya daidaita. Ta ƙarshe ita ce tsokar sha-raɓa. Ta taso daga saman gwiwa ta baya, ta ƙare a agara. In ta ɗaure, idon sawu ba ya lanƙwasuwa sosai, gwiwa ce ke biyan bashin.

A nan sai mu yi hattara, kada mu ɗora wa tsoka laifin kome. Akwai mutane da yawa masu ɗaurarriyar tsoka da ba su ciwon kome. Kuma sau da yawa ciwon ne ke fara zuwa, tsoka ta ɗaure daga baya don ta tsare wurin, kamar yadda ido ke rufewa in ƙura ta taso. Mutum ya ji tsoron motsi, ya daina lanƙwasa wurin. Tsoka ta ƙara ɗaurewa, ta kuma rame. Ramammiyar tsoka ba ta tallafar gaɓa, ciwo ya ƙaru. Abin ya zama zagaye. Ko ta ina ya faro, wurin da za mu iya tsinke zagayen nan da hannunmu, ba da kuɗi ba, shi ne tsokar.

Aikinmu da jikinmu

Ciwon nan ba namu ba ne mu kaɗai. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya. Sun ninka mutanen Nijar duka fiye da sau 20. A 2019 kuma, masu cin guringuntsin gwiwa sun kai miliyan 365. Amma kowace ƙasa da irin aikin da ke jawo mata shi.

Mu a Damagaram, ku dubi majema na birnin Zinder, a duƙe bisa fata tun safe. Ku dubi dukawa, a zaune ƙafa a naɗe, kai a sunkuye. Ku dubi masu garka a Mirya da Gidimuni. Tun bayan farin 1984 da noman rani ya yaɗu, wasu ba su da watan hutu: daga gona sai garka, daga garka sai gona. Ku dubi masu jan ruwa a rijiyoyin Damargu masu zurfi, da ƴan ga-ruwa, da ƴan dako masu saɓa buhu mai tiya 40, wato kilo 100. Ga kuma ƴan kabu-kabu, su nasu zama ne da girgiza. Aikin ba ɗaya ba ne, amma abu guda ya haɗa su: jiki yana daɗewa a tsayi ɗaya, ko yana maimaita motsi ɗaya sau ɗaruruwa.

Wajen noma, kakanninmu na ƙasar rairayi sun yi dabara da hauyar tsaye mai doguwar ƙota. Mutum yana noma a miƙe, yana turawa. Kafaɗa tana gajiya, amma baya yana samun sauƙi. Inda ƙasa ke da tauri ake komawa ga gajeriyar ƙota, a wuni a duƙe. A jahar Kalifoniya ta Amurka, a 1975, hukuma ta hana sa ƴan ƙwadago noma da gajeriyar fartanya, saboda yadda take lalata musu baya. Mu ba wanda zai hana mu, kuma wani aikin sai da ita. Amma wanda ke da zaɓi ya sa wa hauyarsa ƙota daidai tsawonsa. Wanda ba shi da zaɓi ya riƙa miƙewa a ƙarshen kowace kunya, ya dafa ƙugu da hannu biyu, ya ɗan gantsare sau uku ko huɗu. Ba ragwanci ba ne.

Iyayenmu mata su ne ba a cika jin kukansu ba, nasu kuwa ya fi yawa. Daka, shara da gajeriyar tsintsiya, itace, goyo, ga ciki. Mai ciki gaɓoɓin ƙugunta suna saki don shirin haihuwa, ba su komawa daidai sai bayan watanni. Sai kuma ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Bido mai lita 25, kilo 25 ke nan a ka. Mace in ta yi sawu 4, ta ɗauko nauyin buhun hatsi cur a rana ɗaya. Kuma gwiwa ba nauyin kayan kaɗai take ji ba. A kowane taki, abin da ke sauka a kanta ya ninka nauyin mutum da kayansa sau biyu zuwa uku. Maigidan da ke da amalanke a ƙofar gida, matarsa kuwa na jigilar ruwa a ka da tsohon ciki, ya sake tunani. Ƴan mata ƙanana kuma a ba su ƙaramin bido. Ƙashinsu bai gama ƙwari ba.

Abin da za a yi a gida

Na farko, kada a kwanta. Da, har likitoci cewa suke mai ciwon baya ya yi ta kwanciya. Yanzu an gane doguwar kwanciya ƙara ciwon take. Kwana ɗaya ko biyu in ciwon ya yi tsanani, sai a tashi a riƙa takawa cikin gida, a koma ƙaramin aiki. Yawancin ciwon baya yana sauƙi da kansa cikin sati 6.

Na biyu, a ɗumama jiki kafin aiki. Tun 1975 da aka fara kokowar takobi a Tawa, kun taɓa ganin ɗan kokowa ya taso daga barci ya faɗa fili? Sai ya yi gudu, ya yi tsalle, ya miƙe gaɓoɓi. Manomi ma kokowa zai yi da ƙasa. Da asuba gammon nan na tsakanin ƙashi yana cike da ruwan da ya sha cikin dare, lanƙwasa tana yi masa wuya. Don haka kada ɗaga buhu ya zama aikin farko na safe. Tafiya gona a ƙasa ita kanta ɗumama jiki ce.

Ga motsin da ke sassauta igiyoyin nan. Ba su buƙatar kome sai tabarma da rawani ko zane.

Don bayan cinya, ka kwanta rigingine. Ka saƙala rawani a tafin ƙafa ɗaya, ka riƙe bakinsa biyu. Ka ɗaga ƙafar a miƙe sannu a hankali, har ka ji ja a bayan cinya. Ka tsaya nan, ka ƙirga 30. Sau 3 kowace ƙafa.

Don gaban ƙugu, ka durƙusa da gwiwa ɗaya bisa naɗaɗɗen zane, ɗaya ƙafar a gaba, tafinta a ƙasa. Ƙirji a miƙe, ka tura ƙugu gaba kaɗan. Za ka ji ja a gaban cinyar da ke durƙushe. Ƙirga 30, ka sauya. Wanda gwiwarsa ba ta yarda da durƙuso ya bar wannan.

Don sha-raɓa, ka dafa bango da hannu biyu, ƙafa ɗaya a baya a miƙe, diddige a ƙasa, ka karkata gaba.

Sassautawa kaɗai ba ta isa ba, sai an ƙara wa tsoka ƙarfi. Wannan ma shi ya fi amfani ga mai ciwon gwiwa. Ka zauna bisa kujera ko kututture mai ɗan tsawo, ka miƙe tsaye ba tare da dafa kome ba, ka koma a hankali. Sau 10. Ka lura kada gwiwoyi su faɗa ciki. Sannan ka kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ɗuwawu sama, ka ƙirga 5, ka sauke. Shi ma sau 10. A yi safe da yamma. Mata su yi a ɗaki, su yi tare in sun fi son haka. Ba a ganin amfanin abin a kwana uku. Sai an jure wata ɗaya ko biyu.

Doka ɗaya ce: jin ja ba laifi. Amma in ciwo ya soka, ko ya harba zuwa ƙafa, a tsaya.

Wajen ɗaukar kaya, a matso kusa da su, a buɗe ƙafa, a rungume su a jiki sannan a miƙe. Kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu, a juya da ƙafa. Buhu na mutum biyu ne. Wajen duƙawa kuma, kowa ya san yadda malamai ke koyar da ruku'u: baya a shimfiɗe, lanƙwasa daga ƙugu. Irin wannan duƙawar ta fi sauƙi ga ƙasan baya.

Tausa da man kaɗe tana da amfani, haka gashi da ƙyalle mai ɗumi. Gwiwar da ta bugu yau ta kumbura kuwa ruwan randa mai sanyi take so, ba gashi ba. Wanda ƙafarsa ɗaya ta fi gajarta, ta dalilin shan inna ko tsohuwar karaya, ya je likita ya auna bambancin, baduku ya ƙara wa takalmin tsawo daidai awon.

Maganar ƙaho, tsaga da ƙwaya

Wanzamai mutanenmu ne, ba mu raina sana'arsu. Wasu sukan ji sauƙi na kwanaki bayan ƙaho. Amma ƙaho a gwiwa ba ya kai ga jijiyar da ta matsu a baya. Tsaga ko sakiya a kan gaɓar da ta kumbura kuwa haɗari ce, don ƙazanta na iya shiga cikin gaɓar ta yi ruwa. Askar da ta taɓa jinin wani tana ɗaukar ciwon hanta da sida. Wanda ya nace sai ya yi, ya je da sabuwar reza tasa.

Ƙwayoyin tebur sun fi ba mu tsoro. Masu kashe zafin ciwo, in aka daɗe ana shan su, suna kawo gyambon ciki, suna lalata ƙoda. Tramol kuma ya riga ya ci samari da yawa. Yana ɓoye gajiya, mutum ya yi aikin da ya fi ƙarfin jikinsa, daga baya ya kasa rabuwa da shi. Yakan sa faɗuwa irin ta farfaɗiya. A ƙa'idojin da OMS ta fitar a watan Disamba na 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta ce kada a yi amfani da magunguna dangin tramol, kada kuma a dogara ga ɗamarar ɗaure ƙugu. Abin da ta sa gaba shi ne a fahimtar da mutum ciwonsa, da motsa jiki, da tausa. In ana buƙatar ƙwaya, likita ya rubuta, a sha bayan abinci, na ƴan kwanaki.

Waɗanda ba za su jira ba

Duk abin da muka faɗa a sama na ciwon gajiya da tsufa ne. Akwai ciwon baya da na gwiwa da ba na tsoka ba. Mai ɗaya daga cikin alamun nan a kai shi gidan likita, ba sai an gwada na gida ba:

1. Gwiwa ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi. A tafi a ranar. Gaɓar da ta yi ruwa tana lalacewa cikin kwanaki.

2. Fitsari ko bayan gida ya riƙe, ko yana zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu. A tafi ko da dare ne.

3. Ƙafa tana rasa ƙarfi, mutum na jan ta, takalmi na fita bai ji ba.

4. Ciwon baya da rama, zufar dare, ko tari da ya daɗe, ko wani ƙashi ya fara tasowa kamar ƙusumbi. Tarin fuka yana kama ƙashin baya. Yana da magani, in an fara da wuri ana tsira daga shanyewar ƙafafu.

5. Ciwo bayan faɗowa daga itace, raƙumi, amalanke ko babur.

6. Ciwon gefen baya da jini a fitsari ko zafin fitsari.

7. Yaro yana ɗingishi yana cewa gwiwa. Kada a ce girma ne. A roƙi likita ya duba kwatangwalo, musamman in yaron yana da amosanin jini.

Haka kuma duk ciwon da ya wuce sati 6 bai ragu ba. A fara da gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda zuwa asibitin gunduma, ko babban asibitin ƙasa na Zinder, inda ake ɗaukar hoton ƙashi. Idan ka je, kada ka ce gwiwa kawai ka yi shiru. Ka faɗi in baya ma yana taɓa ka, ka faɗi wanda ya fara, ka faɗi aikin da kake yi, ka nuna kwalin duk ƙwayar da ka sha.

Aikin aji

A tattauna: a garinku wane aiki ne mutane suka fi kuka da baya bayan sun yi shi? Na maza ne ko na mata? Gidaje nawa ke da amalanke, nawa ne a cikinsu ake ɗebo ruwa da ita?

Lissafi: mace tana ɗauko bido mai lita 25, sawu 4 kowace rana. Kilo nawa ta ɗauka a kwana 30? Buhu nawa ke nan mai kilo 100?

A rubuta waɗannan kalmomi a allo, kowa ya nuna wurin a jikinsa: laka, ƙugu, kwatangwalo, cinya, ƙoƙon gwiwa, sha-raɓa, agara.

Ga kuma gwaji na gida. Da asuba, da tashinka, ka jingina da bango ba takalmi, wani ya ɗora littafi a kanka ya ja layi da gawayi. Da dare bayan aiki a sake. Layin dare zai sauka ƙasa da na safe wajen santimita ɗaya, wani ma ya fi, don gammon baya ya matse da nauyin wuni. Malamin aji ya tattara awon kowa, ya aiko mana da shi tare da sunan garinku.